Armuwar da ba a yi don ƙauye ba

Salamu alaikum, Malam mai karanta wasiƙu. Hajo ce daga Damana, raina a ɓace yake.

Wani kafinta a Filingue ya yi wa ɗiyata armuwar ta aure, wato kabad ɗin jera kwanoni, ya rantse mini katako ne. Ruwan farko ya shigo ta ƙarƙashin ƙofa, gindinta ya kumbura, ta kife da kwanonin jere a gaban dangin miji. Ashe garin katako aka matse, aka manna masa fata mai ƙyalli.

Da na koma, ya ce wai ta birni ce, ba a yi ta don ƙauye ba.

Mata, ku kankare bayanta kafin ku ɗauka. Malam, tambayar mini shi: ruwan Yamai ba ya jiƙa kaya ne?