Farin Layi a Fuskar Kakana

Malam mai karanta wasiƙu, barka da aiki. Ni Bitrus ne, malamin firamare a Muchalla, nan Mubi.

Ina ɗaukar hoto don sha'awa da wata tsohuwar kyamara. Murfinta ya karye, na ɗaure da robar keke. Tun farkon shekara farin layi ke fitowa a gefen hotunana. Mai wanke fim ya ce, "Malam, haske na shiga. Canja ta." Na ce sai bayan girbi.

Kakana bai taɓa yarda a ɗauke shi ba, wai hoto yana rage kwana. Ranar Ista ya kira ni da kansa, ya sa rigarsa ta soja, ya zauna gaban rumbu. Ya ce, "Sau ɗaya, jikana. Kar ka ƙara."

Kafin fim ya dawo daga wanki, Allah ya yi masa rasuwa. Hoton ya zo: ga riga, ga sanda, ga rumbu, amma layin nan ya bi ta kan fuskarsa, fari fat.

Yanzu kakata ta ce, "Ɗauke ni, ba na tsoro. Jikoki su san fuskar ɗayanmu." Na so in sayar da bijiminmu in sayi sabuwar kyamara, matata kuwa ta ce bijimin na huɗa ne, ba na kyamara ba, ga damina ta matso.

Ina gaida abokaina na garin Uba. Masu sauraro, in sayar da bijimin ko in jira girbi? Kakana dai bai jira ba.