Buhun Zakka

A tashar Gummi, ana jiran motar Anka ta cika, wani dattijo ya juyo ga na kusa da shi a benci.

"Malamin lesin da niɗ ɗaukar ma ɗiyata Sahura, yau zan sallame shi. Bai san lissahi ba."

"Mi yay yi, Baba?"

"Aikin gida yab ba ta. Manomi ya samu buhu goma na gero, ya sai da ukku, saura nawa?"

"Bakwai mana."

"Kai ma? To zakka hwa? Ai buhu guda na Allah ne. Shidda ne. Amma yas sa jan biro yas soke mani."

"Ya soke maka?"

Dattijon ya gyara zaman hularsa. "Ya soke mata. Wai motar ga ba ta cika ba har yanzu?"