Direba Ba Ya Waiwayawa Dama

A tasha, mota ta ƙi cika, kowa sai tsaki yake. Wata dattijuwa ta tsare direbanmu, ya dafe ƙofa ido a rufe.

"Ɗan nan, jiri ne?"

"Kaɗan, Inna. Sai na waiwaya dama ƙasa take juyawa da ni. Likita ya ce daga kunne ne, in koma ya jujjuya mini kai ya wuce."

"Ka koma?"

"In bar layina? Da ƙyar lodi ya zo kaina."

"To in za ka hau babban titi, wa ke duba maka dama?"

"Na gefena. Shi ya sa na ba ki gaba."

"Ni da yanar ido ta rufe mini na dama tun bara? Sauko mini da buhuna."