Laimar Kwaɗi a Takardar Likita

A ɗakin jira na wani asibitin ƙwaƙwalwa a Brno, wata dattijuwa ta juyo wurin mutumin da ke gefenta.

"Malam, fahimtar da ni. Shekara tara ina ƙoƙarin raba ɗana Radim da ƙwaya, yau likita zai ba shi laimar kwaɗi mai sa maye, wai magani!"

"Baiwar Allah, ni ma kaina ya kulle. Tsohon ɗan sanda ne ni, na rufe samari da yawa kan laimar nan."

"To, wa ka kawo?"

Ya daɗe yana murza hularsa.

"Kaina. Tun da na tsamo gawar wata yarinya a kogi, barci ya ƙaurace mini."

"Kuma za ka sha?"

"Zan sha. Samarin nan da na rufe ne ban san me zan ce musu ba."