Kaji Dubu Biyu a Takarda

A ɗakin jira na ofishin kula da muhalli, wani mai gonar kaji ya zauna kusa da wata mata, yana ta kaɗa takarda.

"Baiwar Allah, ji wani rainin hankali! Wai tauraron ɗan'adam ya hango iskar amoniya tana tashi daga gonata. Ƙarfen da ke sama, hanci gare shi?"

"Ba shinshinawa yake ba, Malam, aunawa yake. Da, da yawan kajin da kuka rubuta ake ƙiyasta iskar. Yanzu kuwa sai an gwada da abin da ya gani."

"To ni dubu biyu na rubuta, shekara shida ba wanda ya ce uffan! Yau an ce kashin kaji dubu biyu ba zai yi wannan iskar ba. Maƙaryaci suka mai da ni?"

"Wataƙila kuskure suka yi."

"Kuskure mana! Suna zaune a inuwa, sun san wahalar kwashe kashin kaji dubu tara? Bayan katanga nake jibgewa, can wajen firamare, bai tare wa kowa hanya ba."

Matar ta juyo.

"Dubu tara? Gonar nan mai jan ƙyaure?"

"Ita fa. Kin san ta?"

"Ni ce malamar aji uku. Tun bara tagoginmu a rufe suke, yara sai tari. Zuwana biyar ke nan, ana ce min in kawo shaida. Tashi mu shiga tare, Malam, ka maimaita musu da bakinka."