Tandar Masata da Rabin Cikina

'Yan'uwa, ina gaishe ku cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Haleluya!

Ni ce Saratu mai masa, ta Gagarawa Tasha. Duk direban da ke bin hanyar Gumel ya san tandata. Ku dube ni da kyau, rabin ciki gare ni yanzu, amma ga ni a tsaye.

Abin ya fara da zafin ciki. In na ci loma biyu sai in ji na ƙoshi, ga gyatsa, ga ƙirji yana ƙuna. Kowa ya ce olsa ce. Kun san mu, ciki ya motsa sai kanwa. Wani direba yakan kawo mini jar kanwa daga Maigatari, in jiƙa in sha, zafin ya lafa, in koma bakin tanda. Haka na yi ta yi har zanina ya daina zama a ƙuguna.

Ranar da na yi aman jini, ƙanwata Rifkatu ta ɗauke ni sai asibitin Gumel, su kuma suka tura mu Kano. Aka zura mini wani siririn bututu mai kyamara ta baki. Likita ya ce kansar ciki ce, irin wadda ke farawa a fatar tumbi ta ciki. Ya ce akwai wata ƙwayar cuta da kan daɗe a cikin mutum tana cinsa, yawan gishiri da bandar kifi ma suna ƙara haɗarin. Kanwar nan kuwa rufe zafin kawai take yi, ciwon yana ta girma. Ya ce tawa ba ta bazu ba tukuna, a yi aiki da wuri.

Kun san abin da na yi? Na dawo gida na ƙi komawa.

Ba tsoron wuƙa ba ne, a'a! Rifkatu ce. Da na kwanta ita ta riƙe mini tanda don kada yarana su rasa abinci. Daga ɗaki nake jin direbobi suna cewa, "Kai, masar yau ta fi laushi!" Wani ma har ya ce, "Ashe ƙaramar ce gwanar." Wayyo! Ni da na koya mata jiƙa shinkafa! Sai in ji wani abu ya tokare ni wanda ya fi kansar zafi. In ta kawo mini kunu in juya mata baya. In ta yi dariya a bakin tanda in ce da ni take. Ga ta da jiki sumul, tana cin tuwo tana lasar hannu, ni ko ruwa da ƙyar. Na ce a raina, in na tafi Kano na daɗe, shi ke nan, tasha ta zama tata.

Ran nan matan zumunta suka zo mini addu'a. Mama Hannatu, dattijuwarmu, ta ce, "Saratu, faɗa wa Yesu abin da kike so da bakinki." Na buɗe baki zan ce lafiya, sai na ji kaina ina kuka ina cewa, "Ya Yesu, a bar mini tandata!" Rifkatu tana bakin ƙofa, ƙullu a hannunta. Ta ce, "Yaya, in saboda tanda kike son mutuwa, yanzu zan fasa ta da taɓarya, mu huta mu duka."

Nan na ga haukata. Na ce, "Ubangiji, ka cire mini wannan kishin kafin likita ya cire ciwon."

Muka koma Kano. Aka yanke rabin tumbina, aka yi ta ƙara mini ruwan maganin kansa, gashina ya zube, na ga wuya. Amma Allah ya tashe ni! Yanzu kaɗan-kaɗan nake ci, kuma ina komawa a duba ni.

Tandar kuwa ba ta dawo hannuna ba, likita ya hana ni wahala. Da na fara iya cin abinci na ce Rifkatu ta ba ni masa ɗaya. Na gutsira. 'Yan'uwa, a gidan Allah nake, ba zan yi ƙarya ba: tata ta fi tawa. Har yanzu in na faɗa sai na ji ɗan zafi, ku ci gaba da yi mini addu'a.

Na gode wa Yesu da ya ƙwace mini tanda ya bar mini rai. Mai ciwon cikin da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, ajiye kanwa ka je a duba ka, ka dogara ga Ubangiji, ba zai yashe ka ba. Amin!