Raguna a Motar Asibiti

A rumfar mai shayi a Tandabawi, Malam Abdulganiyyu ya juyo ga baƙon da ke gefensa.

"Direban motar asibitin nan azzalumi ne! Motar da hukuma ta saya, take zuba wa mai don ɗaukar marasa lafiya kyauta, ita ya loda wa raguna. Zafi ya ka da wata tsohuwa a Nakkasa, aka nemi mota babu. A kan jaki ta isa asibiti, da ƙyar ta rayu."

"Haba Malam, raguna biyu ne kacal, kuma a kan hanyarsa ya ɗauke su."

"Kai ka ƙirga su?"

Baƙon ya sunkuyar da kai. "Ni na loda su."

Malam bai sassauta ba. "To, me aka yi maka?"

"An karɓe makulli. Yanzu ni ke wanke motar."